WILHELM RONTGEN: YARON DA AKA KORA DAGA MAKARANTA, SHI YA GANO HOTON ƘASHI

Masu karatu, a cikin rangadin da na yi na duba makarantu a ƙasar Kebbe, kudu da Tambuwal, na yi kwana biyu a Fakku. A nan na tarad da wani yaro ɗan aji shida, hannunsa na rataye a wuya. Daga kan itace ya faɗo. An kai shi wurin maɗori an ɗaure, amma kumburi ya ƙi saɓewa, sai iyayensa suka yi dabara suka kai shi asibiti a Sakkwato, aka ɗauki hoton hannun. Ran da na isa ya zo da hoton makaranta, yara suka yanyame shi, kowa na so ya ɗaga shi sama wajen rana ya ga ƙasusuwan abokinsa farare fat, ga kuma inda ɗaya ya karye ya hau kan ɗan'uwansa. Na tambaye su wanda ya fara gano wannan hikima, ba wanda ya sani, har malaminsu. Na yi musu alkawari zan rubuta labarinsa a jarida, malam ya karanta musu. To, alkawari kaya ne, yau ga shi na sauke.

Akwai kuma dalili na biyu. A cikin aikina takardu su kan zo mini daga makarantu ana neman izni a kori yaro, ko don ya faɗi jarrabawa, ko don an ce ba ya jin magana. Sa'ad da na komo daga wannan rangadi na iske irin wannan takarda tana jirana a kan tebur. Mutumin da zan ba ku labarinsa shi ma an taɓa rubuta masa irinta, aka kuwa sa hannu.

ASALINSA DA ƘURUCIYARSA

An haifi Wilhelm Conrad Rontgen ran 27 ga watan Maris, 1845, a wani ƙaramin gari mai suna Lennep, a yammacin ƙasar Jamus. A nan ƙasarmu zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba ke nan. Ubansa falken tufafi ne mai rufin asiri, uwarsa kuwa a ƙasar Holan ta tashi, shi kaɗai Allah ya ba su. Yana da shekara 3 suka yi ƙaura zuwa Holan, suka zauna a garin Apeldoorn, a can ya yi karatunsa na farko. Malamansa ba su ga wani abin a zo a gani a gare shi ba. Abin da aka san shi da shi biyu ne: yawo cikin daji shi kaɗai, da ƙere-ƙeren ƙananan abubuwa da hannunsa.

A cikin 1862 aka sa shi makarantar koyon sana'a ta birnin Utrecht. Labarin da masu rubuta tarihinsa suka kawo shi ne, wata rana wani ɗan ajinsu ya zana siffar wani malami don ba'a. Malamin ya shigo ya tarad da zanen, laifi ya faɗa kan Rontgen. Aka matsa masa ya faɗi wanda ya yi, ya ƙi tona asirin abokinsa, sai aka kore shi. Ya fita ba shi da satifiket na gama makaranta. A ƙasashen nan kuwa, a wancan zamani, wanda ba shi da wannan takarda ƙofar jami'a a rufe ta ke gare shi. Ya ɗan zauna a Jami'ar Utrecht yana sauraron karatu kamar baƙo, ba a lissafa shi cikin ɗalibai na sosai, ba shi da hanyar samun digiri.

Yana cikin wannan hali sai ya ji labarin wata babbar kwalejin fasaha a birnin Zurik, ƙasar Suwizalan, wadda ba ta sa waccan takarda sharaɗi ba, abin da ɗalibi ya sani shi ta ke dubawa. Ya tafi can a cikin 1865, yana ɗan shekara 20. A 1868 ya fita da takardar injiniya, a 1869 kuma Jami'ar Zurik ta ba shi digirin dokta saboda binciken da ya yi a kan halin iska iri iri.

MALAMIN DA YA LURA DA SHI

A Zurik ne ya gamu da wani matashin farfesa wai shi August Kundt, masanin ilmin fiziks, watau ilmin da ke binciken halin haske da zafi da lantarki da nauyin abubuwa. Kundt bai tsaya tambayar satifiket ba. Ya lura da hannun yaron, ya ga yadda ya ke haɗa kayan gwaji da tsabta, ya kan maimaita awo sau da yawa kafin ya rubuta sakamako. Sai ya ɗauke shi mataimaki. Da Kundt ya koma Jami'ar Wurzburg ta Jamus a 1870, ya tafi da shi.

A nan tsohon miki ya sake fashewa. Hukumar jami'ar ta ƙi ba shi iznin zama malami, dalilinta kuwa shi ne dai ba shi da takardar gama makaranta. Kundt bai yar da shi ba. A 1872 ya tafi da shi Jami'ar Strasbourg, inda ba a tsananta wannan sharaɗi ba, a 1874 aka yarda ya koyar. A 1875 ya zama farfesa a makarantar aikin gona ta Hohenheim, a 1876 ya komo Strasbourg, a 1879 aka ba shi kujerar ilmin fiziks a Jami'ar Giessen. A 1888 sai ga Jami'ar Wurzburg, wadda ta ƙi shi a da, ta aiko tana roƙonsa ya zo ya shugabanci sashen fiziks nata. Ya je. A 1894 malaman jami'ar suka zaɓe shi shugabansu baki ɗaya na wannan shekara. Mahaƙurci mawadaci.

A cikin watan Janairu, 1872, ya auri Anna Bertha Ludwig, 'yar wani mai gidan abinci a Zurik. Allah bai ba su haihuwa ba, sai a 1887 suka ɗauki 'yar ɗan'uwan matar, mai suna Josephine, suka riƙe ta kamar 'yar cikinsu.

DAREN 8 GA NUWAMBA

A wancan zamani masana da yawa a Turai suna wasa da wata irin kwalba wadda aka zuƙe kusan dukan iskar da ke cikinta, aka sa mata ƙarfe biyu a ciki. In aka saki lantarki mai ƙarfi tsakanin ƙarafan nan, sai jikin kwalbar ya yi wani haske kore kore. Rontgen ya shiga binciken wannan abu yana da shekara 50.

Ran Jumma'a, 8 ga watan Nuwamba, 1895, zamanin Sarkin Musulmi Abdurrahman, yana ɗakin gwaji shi kaɗai da maraice. Ya lulluɓe kwalbar da baƙin kwali ta yadda ko ƙyallin haske ba zai fita ba, ya duhunta ɗakin, ya saki lantarki. Sai ya hangi wani ɗan ƙyalƙyali a kan benci, nesa kaɗan da kwalbar. Da ya duba, ashe wata takarda ce da aka shafe da wani gishirin bariyam, irin wanda ya kan yi walƙiya in wani haske ya taɓa shi. Ya kashe lantarki, walƙiyar ta ɗauke. Ya kunna, ta komo. Ke nan akwai wani abin da ido ba ya gani, wanda ke fita daga kwalbar, ya ratsa kwali, ya ƙetare ɗaki.

Wani da ya fita da gudu ya yi shela. Rontgen bai gaya wa kowa ba. Wajen mako bakwai ya yi a kulle, a ɗakin gwajin ya ke cin abinci, wani lokaci a nan ya ke kwana, har matarsa ta damu. Abin da ya ke tsoro shi ne kada ya zama idonsa ke ruɗinsa. Ya tare hanyar hasken da littafi mai shafi wajen 1,000, ya wuce. Ya sa katako, ya wuce. Ya sa fallen ƙarfe iri iri, ya ga wani ya fi wani tarewa, darma kuwa ta kan tsai da shi. Ya kawo maganaɗisu, ya ga hasken bai karkace ba. Yana riƙe da wani abu a gaban kwalbar sai ya ga inuwar yatsunsa a kan takardar, ga kuma inuwar ƙasusuwan a tsakiyar naman. Da ya ke bai san ko mene ne ba, sai ya raɗa masa harafin X, wanda mu ke sa wa a darasin lissafi a madadin adadin da ba a sani ba tukuna. Daga nan ne sunan eksire ya samo asali.

Ran 22 ga Disamba ya kira matarsa, ya sa ta ɗora hannunta na hagu a kan farantin ɗaukar hoto, ya saki hasken wajen minti 15. Da aka wanke sai ga ƙasusuwan hannunta, ga zobenta kamar yana shawagi a yatsa. Ran 28 ga Disamba ya miƙa wa ƙungiyar masana da likitoci ta Wurzburg takarda gajeruwa, inda ya jera abin da ya gwada ɗaya bayan ɗaya, ba ƙari ba alfahari. Ran 1 ga Janairu, 1896, ya aika wa masana abokansa kofe da hotuna. Ran 5 ga wata wata jarida ta birnin Biyana ta buga labarin, kafin mako biyu waya ta kai shi Ingila da Amurka. A cikin watan nan Sarkin Jamus ya kira shi Balin ya gani da idonsa. Ran 23 ga Janairu ya yi jawabi gaban jama'a a Wurzburg, ya ɗauki hoton hannun wani dattijo, Albert von Kolliker, babban masanin ƙirar jikin mutum, mai shekara 78. Dattijon ya tashi ya kawo shawara a riƙa kiran hasken da sunan Rontgen. Har yau haka Jamusawa ke kiransa.

YADDA HOTON KE FITA

Yaran Fakku sun tambaye ni abin da ya sa ƙashi ya ke fitowa fari. Ga amsa. Hasken nan ɗan'uwan hasken rana ne, amma ya fi shi ƙarfin ratsawa nesa ba kusa ba. Ba a tabbatar da wannan ba sai a 1912, sa'ad da Max von Laue da abokan aikinsa suka gwada shi a birnin Minik. In aka saki hasken ya bi ta jikin mutum, iska ba ta tare shi, nama ya kan tare kaɗan, ƙashi kuwa ya kan tare da yawa saboda sinadarin alli da ke cikinsa. Inda hasken ya isa farantin hoto sai wurin ya yi baƙi, inda aka tare shi sai ya zauna fari. Don haka huhu mai lafiya, da ya ke cike da iska, ya kan fito baƙi, in kuwa tarin fuka ya ci wani wuri sai a ga fari fari kamar gajimare. Hoton inuwa ne kawai, shi ya sa ma'aikaci ya kan ɗauki karaya ta fuska biyu, gaba da gefe, domin tsagar da ta ɓuya a ɗaya ta bayyana a ɗayan.

Likitoci ba su yi jinkiri ba. A cikin 1896 kaɗai an buga takardun bincike fiye da 1,000 a kan wannan haske. A 1898, lokacin yaƙin Omdurman a Sudan, likitocin sojan Ingila sun yi aiki da na'urar a bakin kogin Nilu suna neman harsashi a jikin waɗanda aka harba, da keke a ke juya injin da ke cika musu batir. A Yaƙin Duniya na Farko, Marie Curie ta Faransa ta shirya motoci wajen 20 masu ɗauke da na'urar zuwa bakin daga, ta kuma horar da mata wajen 150 a birnin Faris su iya aiki da ita. Wannan yana cikin mafarin koyar da aikin hoton ƙashi a matsayin sana'a mai makaranta.

Amma fa ko wane allazi da nasa amanu. Mutanen farko ba su san hasken yana cin jiki in ya yi yawa ba. Su kan sa hannunsu su gwada na'ura ko wace safiya, har fata ta ƙone, yatsu su lalace. Clarence Dally, mataimakin Thomas Edison a Amurka, an yanke masa hannuwa biyu, ya mutu da ciwon daji a 1904. A 1936 aka kafa dutsen tunawa a wani asibiti na birnin Hambag, aka rubuta sunayen mutum 169 na ƙasashe dabam dabam waɗanda wannan aiki ya yi ajalinsu, daga baya ma aka ƙara. Daga wahalarsu aka koyi dokokin da a ke bi yanzu: ma'aikaci ya tsaya bayan bango mai darma, ya rataya ɗan abin da ke auna yawan hasken da ya taɓa shi, kada a ɗauki hoto sai da dalili, mace mai ciki kuma ta faɗa kafin a fara. Hoto ɗaya da likita ya umarta a yau haskensa kaɗan ne ƙwarai, bai kamata tsoro ya hana mutum zuwa ba.

HALINSA DA ƘARSHENSA

Kamfanoni sun zo masa da maganar ya yi rajistar mallakar abin da ya gano, don duk mai ƙera na'urar ya biya shi. Ya ƙi, a ganinsa abin da aka gano a jami'a na jama'a ne duka. Aka ba shi lambar girma wadda ke tafe da sarautar shiga sahun manyan gida, ya karɓi lambar ya bar sarautar. A 1900 ya koma Jami'ar Minik. A 1901, da aka fara raba kyautar Nobel, shi ne na farko da aka ba a fannin fiziks. Ya je ƙasar Suwidin ya karɓa, bai yi jawabi ba, kuɗin kuwa ya bar wa Jami'ar Wurzburg don bincike. Takardu uku kaɗai ya rubuta a kan hasken, na ƙarshe a 1897, sa'an nan ya koma kan binciken duwatsu masu ƙyalli da ya saba.

Ba za mu ce ba shi da aibu ba, ɗan Adam tara ya ke bai cika goma ba. Mutum ne mai kame kai, mai wuyar sabo, ɗalibai da yawa sun ga karatunsa da nauyi, jarrabawarsa da tsanani. A 1914 ya sa hannu tare da wasu manyan masana a takardar goyon bayan Jamus a yaƙi, abin da ya yi nadama a kai daga baya. Wani masani kuma, Philipp Lenard, wanda ya riga shi aiki da irin kwalaben nan, ya riƙe shi da hassada har ƙarshen ransa. Matarsa ta rasu a 1919 bayan doguwar jinya. Ya ajiye aiki a 1920. Bayan yaƙi kuɗin Jamus ya lalace, abin da ya tara ya zama takarda. Ya mutu a Minik ran 10 ga Fabrairu, 1923, da ciwon daji na hanji, yana da shekara 77, shekara guda bayan Gwamna Clifford ya buɗe Kwalejin Katsina. Aka binne shi a Giessen kusa da iyayensa da matarsa. Ya bar wasiyya a ƙone yawancin takardunsa, aka kuwa ƙone.

GANI DABAM, LURA DABAM

Yanzu bari in juyo ga 'yan'uwana malamai. Kada a ce sa'a ce kawai Rontgen ya taka. Kwalaben nan sun yi shekaru suna fid da wannan haske a ɗakunan gwaji da yawa. William Crookes na Ingila ya sha tarad da farantan hotonsa sun dusashe, ya zaci ba su da kyau ne tun daga kamfani. A 1890 wani farfesa a Amurka, Arthur Goodspeed, ya sami inuwar wasu kuɗaɗe biyu a kan farantinsa, bai gane dalili ba, ya ajiye. Duk sun gani, mutum ɗaya ya lura.

Wannan bambanci na gani da lura shi ne ɗaya daga cikin abubuwan da ilmin halin ɗan Adam ke bincike, ilmin nan da mu ke koya wa ɗalibai a kwalejin horon malamai. A Jamus ɗin nan ne aka fara yi masa ɗakin gwaji, wanda Wilhelm Wundt ya kafa a Jami'ar Leipzig a 1879. Wani almajirinsa, Oswald Kulpe, ya zo Wurzburg a 1894, a 1896 kuma ya buɗe sashen wannan ilmi a can. Ku duba ikon Allah: a jami'a ɗaya, cikin shekara guda, wani na leƙa cikin jiki, wani na ƙoƙarin leƙa cikin tunani. A cikin gwaje-gwajen Kulpe akwai wanda a ke nuna wa mutum haruffa masu launi dabam dabam na ɗan ƙiftawar ido. In an ce masa tun da fari ya kula da launi, sai ya faɗi launin daidai, amma in aka tambaye shi haruffan sai ya yi ta kame-kame, alhali kuwa suna gaban idonsa. Watau abin da mutum ya sa a ransa zai nema, shi ya ke gani, saura kuwa ya wuce shi.

To, haka malami ya ke da ɗalibinsa. In ka shiga aji ka riga ka sa a ranka yaro kaza shaiɗani ne, shaiɗancin kaɗai za ka gani. Malaman Utrecht laifi su ke nema, suka ga taurin kai. Hukumar Wurzburg takarda ta ke nema, ta ga babu. Kundt aiki ya ke nema, ya ga hannu mai tsabta da zuciya mai haƙuri. Yaron kuwa ɗaya ne. Ko Alfred Binet na Faransa, wanda ya fito da gwajin basirar yara a 1905, ya yi shi ne don a gane yaron da ke bukatar ƙarin taimako, kuma ya yi gargaɗi kada a ɗauki maki kamar hatimin da ba ya kankaruwa.

Ban ce a daina horo ba, ban kuma ce satifiket banza ne ba. Makarantar da ba ta da doka kasuwa ce, kuma ba mai so a saki wanda bai ci jarrabawa ba ya taɓa na'urar asibiti. Ba kuma ko wane korarre ne zai zama Rontgen ba. Shi ya sami uba mai halin tura shi wata ƙasa. Ɗan talakan da muka kora a ƙauye ba shi da Zurik da zai tafi, daga ƙofar makaranta sai tasha. Saboda haka nauyin da ke kanmu ya fi na malaman Utrecht.

GA SAMARI MASU NEMAN SANA'A

Ilmin nan biyu yanzu suna ƙofar gidanmu. Ana koyar da aikin hoton asibiti a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, da Jami'ar Bayero ta Kano, da Jami'ar Maiduguri. Karatun shekara 5 ne, sa'an nan shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti, kuma tun 1987 akwai hukumar Gwamnatin Tarayya mai yi wa ma'aikatan rajista. Mai so sai ya dage da fiziks da ilmin sinadarai da ilmin halittu da lissafi da Ingilishi tun daga sakandare. Aikin ya faɗaɗa ƙwarai: tun 1971 aka fara ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa da na'urar da ke haɗa hasken Rontgen da kwamfuta, ga kuma na'urar da ke duba ciki da amon sauti, wadda ba ta amfani da wannan haske ko kaɗan. Masu ilmin halin ɗan Adam kuma ana bukatarsu a makarantu, da irin asibitin masu taɓin hankali da ke Kware.

Ina kira musamman ga iyayen 'yan mata. Mata da yawa a ƙauyukanmu su kan zauna da ciwo don kunyar namiji ya duba su. In 'ya'yanmu mata suka koyi wannan aiki, an rage wannan wahala. Kuma duk wanda zai yi shi yana bukatar ilmin nan biyu tare. Tsohuwar da aka ɗauko daga Fakku, aka shigar da ita ɗaki mai sanyi gaban ƙaton ƙarfe, in ba a kwantar mata da hankali da harshenta ba, ba za ta tsaya cik ta riƙe numfashi ba. In kuwa ta motsa hoto ya ɓaci, sai a sake, a ƙara mata hasken da ba ta bukata. Su ma maɗoranmu, waɗanda suka gaji sana'arsu kaka da kakanni, ba abin kunya ba ne su tura mai karaya a ɗauko hoto kafin a ɗaure.

Game da takardar nan da na iske a kan tebur, ba sai na faɗi sunan makarantar ba. Yaro ne ya faɗi jarrabawa sau biyu, an ce kuma barci ya ke yi a aji. Ban sa hannu ba. Na mayar da ita, na roƙi hedimasta ya zauna da yaron shi kaɗai, ya je gidansu, ya binciki inda ya ke kwana, da abin da ya ke ci kafin ya fito, da ko yana ganin allo daga inda ya ke zaune, sa'an nan ya rubuto mini. Mai yiwuwa ne bayan binciken in ga ba makawa sai an sallame shi, in haka ne zan sa hannu. Amma likita ba ya yanke hannu sai ya ɗauki hoto ta fuska biyu, mu ma bai kamata mu yanke wa yaro hanya da kallo ɗaya ba.

Ko wace shekara, ran 8 ga Nuwamba, ma'aikatan hoton asibiti na duniya su kan tuna da wannan rana. Ina fata malamin Fakku zai karanta wa yaransa wannan labari, mai karayar nan kuma Allah ya ba shi lafiya. Mu kuwa da aka danƙa wa amanar 'ya'yan jama'a, Allah ya ba mu idon lura da zuciyar adalci, amin.